Kaset ko Dandali: Musayar Baitoci a Kan Manyan Kundayen Gambarar Amurka

Mai Kaset:
Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'abota waƙa. Gardamar da muka faro ranar Asabar a kan wane kundin gambara (wato rap) ne ya fi kowanne, da kuma ko zuwa wajen da mawaƙi ke wasa ya cancanci kuɗin mutum da lokacinsa, ita nake so mu ƙarasa cikin baitoci. Sharaɗin shi ne ƙwar huɗu, wato ɗango huɗu a kowane baiti, kuma babban amsa-amo ya faɗa a kan "wa". Zaɓina shi ne kundin da Nas ya fitar a 1994, wanda bai cika minti 40 ba, amma ya ɗauke rayuwar unguwar Queensbridge ta birnin Niyok kacokan.

Ku matso mu naɗa sarki kan gado,
Mu ɗaura masa rawani, mu yi ado,
Nas ne gwanin da bai tsoron dodo,
Illmatic nasa ba ya dushewa.

Waƙa goma ya zuba, bai ƙara ba,
Cikinsu ko ɗaya ba ta rame ba,
Yana ɗan ashirin, bai wuce ba,
Ya zana unguwarsu ba ɓoyewa.

Zuwa wajen casu kuwa ba aiki,
Na sa kaset in kishingiɗa ɗaki,
Kowace kalma in ji ta da mamaki,
Ba turereniya, babu matsewa.

Ɗan Gwammaja:
Baffa Mai Kaset, ina gaisuwa, amma wannan naɗi ba da yawun talakawa aka yi shi ba. Kundin Tupac mai suna Me Against the World ya fito a 1995, ya kuma hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na kundayen da aka fi saye a Amurka alhali mai shi yana gidan yari.

Baffa, ka yi naɗi a bayan gari,
Ba tambari, ba kakaki, ba shiri,
Tambayi masu aski na Fagge da Sabon Gari,
Hoton wa suka liƙa tun da daɗewa?

Tupac ne, yana tsare a kurkuku,
Kundinsa ya zarce dukkan naku,
Waƙar da ya yi wa uwa ta sa ku
Hawaye, kuna ɓoye kuna sharewa.

Hajara Kaduna:
Sannunku da fama. Ga wadda kuka tsallake, wadda kundinta na 1998 ya zama kundin gambara na farko da ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara.

Maza biyu sun cika zaure da ihu,
Kowa na jan gwaninsa zuwa sahu,
Kun bar macen da ta haskaka duhu,
Lauryn Hill, wadda ba a kamowa.

Kambu biyar ta ɗauke a dare guda,
Gaban mazan da ke cika baki a fada,
Kundi ɗaya tak ya zame mata shaida,
Har yau ana saye, ana juyawa.

Baffa, kaset ba ya duban idonka,
Ba ya jin amshin da ke bakinka,
Ranar da ganga ta daki ƙirjinka,
Za ka ga abin da ba ya naɗuwa.

Sadiya:
Allah ya ƙara basira, Anti Hajara. Baitinki na uku kaɗai ya isa ya rufe bakin mazan nan biyu, kuma duk wanda ya ce ba haka ba son kai ne ya hana shi faɗin gaskiya.

Malam Na Zazzau:
Kafin a ci gaba da yabo, akwai gyaran da ba zan iya haɗiyewa ba. Ɗangon farko na Ɗan Gwammaja gaɓa 11 ne, na biyu ma 11, sai na uku ya tashi da gaɓa 15, sannan aka haɗa "gari" da "Gari" aka ce an yi amsa-amo.

Ɗana, ɗangonka na uku ya yi ƙiba,
Ya ɗauki kayan da bai iya ɗauka ba,
Gari bisa Gari ba su dace ba,
Koma ka auna kafin aikowa.

Ɗan Gwammaja:
Malam, a kan gambara muke magana, kuma masu gambara suna cusa gaɓoɓi masu yawa a layi ɗaya ba tare da kowa ya ce sun karya kari ba.

Malam, ka zo da sikeli wajen biki,
Kana awon gaɓa kamar mai ɗinki,
An ce ka zaɓi gwani, ka yi raki,
Ko kundi ɗaya ba ka iya kawowa.

Malam Na Zazzau:
Ɗana, ka jahilci sana'ar da kake karewa. Mai gambara yana iya cusa gaɓa 20 a layi, amma dole su sauka daidai a kan bugu huɗu na kiɗan, kuma kiɗan ne ke riƙe masa ma'auni. Kai kuwa a rubuce ka kawo naka, babu gangar da za ta rufa maka asiri. Tun da ka nemi zaɓina, shi ne Paid in Full na Eric B. da Rakim, na 1987, domin a lokacin da yawancin mawaƙa ke ɗaga murya suna ajiye amsa-amo a ƙarshen layi kawai, Rakim ya sassauta murya ya riƙa dasa shi a tsakiya, abin da mu a nazarin waƙa muke kira amsa-amon ciki.

Kafin a yaye ka na san wannan fage,
Rakim na ji, ba a shagon Fagge,
Ya dasa amo a tsakar layi, ya dage,
Daga rijiyarsa Nas ke ɗebowa.

Mai Kaset:
Malam, wannan ɗangon na ƙarshe na karɓe shi hannu biyu, domin ɗebo ruwa daga rijiyar gwani ba abin kunya ba ne.

Abdu Maraɗi:
Ku yi mini afuwa, kwana biyu ina hanya shi ya sa amsata ta makara. Na ga duk kun tsaya kafin shekarar 2000, alhali kundin DAMN. na Kendrick Lamar ya ci kyautar Pulitzer ta kiɗa a 2018, abin da babu mai gambarar da ya taɓa samu kafinsa. Batun taro kuma, ina tuna wa Yaya Hajara abin da ya faru a bikin waƙa na Astroworld a birnin Houston na Amurka a watan Nuwamban 2021.

Dattijai duk sun tsaya a kan jiya,
Kamar ba a sake haihuwa a duniya,
Kendrick na Compton ya faɗi gaskiya,
Har manyan masana na jinjinawa.

Yaya Hajara, na yarda da daɗi,
Amma a Houston an biya kuɗi,
Aka matse mutum goma a fili mai faɗi,
Sun tafi taron da ba dawowa.

Mai Kaset:
Abdu ya taɓa wajen da ya fi ciwo. Ni abin da ya raba ni da taro bai kai wannan ba, amma har yau yana ci mini rai. Na taɓa sayen tikiti na tsaya tun bayan isha'i, ƙafafuna suka kumbura cikin takalmi, mawaƙin bai hau dandali ba sai ƙarfe biyu na dare, kuma da ya hau sai aka kunna waƙarsa da muryarsa a ciki, shi kuwa yana miƙo mana makirufo mu ƙarasa masa.

Na biya kuɗi don in ji shi da baki,
Ya zo yana tsalle kamar ɗan tsaki,
Faifan da na baro a cikin ɗaki,
Shi aka sa mini nai ta tsayuwa.

Hajara Kaduna:
Baffa, an zalunce ka, kuma rayukan da Abdu ya ambata amana ce da masu shirya taro suka kasa riƙewa. Amma ni na ga kishiyar abin da ka gani. A wani wasa da na je, janareta ya mutu ana tsakiyar waƙa, sai yaron ya ajiye makirufo ya matso bakin dandali, muka riƙe masa bugu da tafi, ya kai baitinsa ƙarshe ba tare da numfashinsa ya yanke ba.

Wuta ta ɗauke, kiɗa ya tsaya,
Ya tsaya shi kaɗai, ba ja da baya,
Tafinmu ne ganga, shi ne da murya,
A nan ake gane mai iyawa.

Ɗan Gwammaja:
Malam Na Zazzau, na kwana ina ƙirga gaɓoɓi da yatsu, kuma na ga inda na yi ɗingishi. Ga baitin na gyara, amma gwanina yana nan inda na ajiye shi.

Baffa, ka yi naɗi a bayan gari,
Ba tambari, ba kakaki, ba shiri,
Tambayi wanzaman Fagge da wuri,
Hoton Tupac ne ba sa cirewa.