Laftof ɗina na sandarewa da zarar an ɗauke wuta, don Allah a taimaka

Ƴar Mabera: Assalamu alaikum. Don Allah ku taimaka mini, kaina ya kulle. Ina ajin ƙarshe a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, saura mako uku in miƙa furojet. Laftof ɗin nan yayana ya saya mini ta hannu bara bayan babbar Sallah, har kuɗin da yake tarawa na aure sai da ya taɓa, shi ya sa ban iya buɗe baki in ce mishi ta samu matsala. Inna kuma kullum cewa take kallon fim ya kashe ta, alhali wallahi rubutu nake. In tana jikin caji lafiya lau. Da an ɗauke wuta, minti biyar ko goma, sai komai ya tsaya cak, allo a kunne amma linzami ba ya motsi, kibod ba ya amsawa. Sai na danne maɓallin kashewa da ƙarfi. Jiya shafi huɗu na babi na uku sunka tafi haka nan.

Abban Khalifa: Zafi ne ƙanwata. Sakkwato a watan Afrilu ko mutum sandarewa yake. Ki kai a buɗe ta a hure ƙurar fanka.

Injiniya: Ba zafi ba ne. Da zafi ne, a kan caji za ta fi yi, don lokacin ne ta fi ɗumi. Wace Windows ce a kai, 10 ko 11? Ko ma wacce ce, abin da ke faruwa shi ne in ta koma kan batir, tsarin tattalin wuta na rage wa wasu kayan ciki wuta, wani daga cikinsu kuma ya yi barci ya kasa farkawa. Ki buɗe Control Panel, ki shiga Power Options, ki zaɓi Balanced. Daga nan Change plan settings, sai Change advanced power settings. Ki nemo PCI Express, ƙarƙashinsa akwai Link State Power Management, ki mai da shi Off a layin batir. A wurin Hard disk kuma, inda anka rubuta mintuna, ki sa 0. Shi ke nan.

Maman Ummi: Ni dai kar ki kai wa masu gyara. Tawa na kai wani shago a kasuwa don kibod kawai, ta dawo batirin da ke yin awa uku bai kai minti 40. Har yau yana rantsuwa bai taɓa ba.

Ƴar Mabera: Injiniya na gode. Na duba, a kan Power saver take. Amma yayana ne ya sa ta haka da gangan, don mu nan sai mu wuni ba wuta. In na canza, batirin ba zai kai ni ko'ina ba.

Injiniya: Batirin da yanzu ke ba ki minti goma? Mi kike tattalawa? Kuma ba ki faɗi Windows ɗin ba.

Ɗan Runji: Ranka ya daɗe, ni RAM nake zargi, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. In 4GB ce, ƙari kawai take so. Ko a yi mata fomat, a goge komai a sake sa Windows, a huta.

Injiniya: Fomat saura mako uku? Haba malam. RAM ba ta san an ɗauke wuta ba. Ƙanwata, ƙara da wannan: a Power Options ɗin dai, gefen hagu akwai Choose what the power buttons do, ki cire alamar Fast startup, don in tana kunne kwamfuta ba ta kashewa gaba ɗaya, tana ajiye wani abu na tsohon zama ta taso da shi. Ki kashe, ki kunna, ki zare caji da hannunki ki jira ki gani. In ta sake yi, to batirin ne ya gaji, sai a duba shi.

Maman Ummi: Awo, batiri. Shi nake faɗa tun ɗazu.

Ƴar Mabera: Batirin lafiyarsa ƙalau, mai shagon ya ce sabo ne. Ni dai tsoro nake in taɓa wani abu ta ƙi tashi gaba ɗaya, in rasa abin da zan ce a gida. Bari yayana ya dawo daga Illela ranar Juma'a.

Injiniya: To kafin Juma'a ki kwafe furojet ɗin a filash, ki tura wa kanki ta imel.

Abban Khalifa: Ni dai har yanzu na ce a hure fankar.