Waɗanda suka sa wa ƙaramar tarakta agogon juyin inji, ku faɗa mana yadda kuka yi

Mai Lambu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramar tarakta irin ta yankan ciyawa da jan ƙaramin amalanke, injinta na fetur ne, Briggs & Stratton mai silinda ɗaya. Ba ta zo da agogon da ke nuna juyin inji ba, da kunne kawai nake aunawa. Kwanan nan an wanke mini kafireta, tun daga lokacin nake jin muryar injin ta canza, kamar ya fi da ɗaga murya idan na ba shi totur duka. Littafin injin ya faɗi iyakar juyinsa a minti, to amma da me zan gane na kai ko na wuce? Shi ya sa nake son sa agogo. Duk wanda ya taɓa sawa, don Allah ya faɗa mana wane iri ya sa, ina ya haɗa wayar, kuma me ya gani daga baya.

Mai Yankan Ciyawa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni na sa ɗan ƙaramin nan mai nuna lamba, wanda ke zuwa da batirinsa a ciki. Waya ɗaya ce ke fitowa daga jikinsa, za ka naɗe ta zagaye huɗu ko biyar a jikin wayar filogi, ka ɗaure bakin don kada ya warware. Ba a feƙe komai, ba a taɓa batirin tarakta. Duk lokacin da wuta ta bi ta wayar filogi yana ji, yana ƙirgawa. Yana kuma tara awannin da injin ya yi aiki, kuma gaskiya wannan ya fi yi mini amfani, domin yanzu da awa nake canza baƙin mai, yadda littafi ya ce. Abin da ban so ba shi ne batirin a rufe yake ruf, ranar da ya mutu sai dai sabon agogo, awannin da ya tara kuma sun tafi. Idan ka samu wanda ake buɗewa a canza masa batir, shi za ka ɗauka.

Uwar Gona:
Irinsa na sa. Da na tayar da inji sai ya nuna mini sama da 6,000, na kashe nan take, hankalina ya tashi. Amma muryar injin ba ta canza daga yadda na saba ji ba. Ƙanena ya danna maɓallin saiti ya canza wani abu, lambar ta dawo kusan 3,300. Har yau ina son wani ya bayyana mini dalili, don ban son amfani da abin da ban gane ba.

Tsohon Bakanike:
Hajiya, agogonki bai yi ƙarya ba, lissafin da aka ba shi ne bai dace da injinki ba. Shi agogon nan bai san juyi ba, tartsatsin wuta yake ƙirgawa, sannan ya raba da adadin da kika gaya masa.

Inji mai bugu huɗu yana buƙatar wuta sau ɗaya ne a kowane juyi biyu. Amma waɗannan ƙananan injuna maganaɗisu ne a jikin fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da inji, yake ba kwayil wuta, shi kuma kwayil ya tura ta ga filogi, kuma fulawil yana wucewa gaban kwayil a kowane juyi. Saboda haka filogi yana tartsatsi a kowane juyi, ɗaya yana ƙona mai, ɗayan yana faɗawa lokacin da hayaƙi ke fita, a banza. Idan aka saita agogo a kan "bugu huɗu", zai ɗauka kowane tartsatsi juyi biyu ne, sai ya ninka lambar. Abin da ya same ki ke nan: 3,300 ya zama 6,600. Saitin da ya dace shi ne tartsatsi ɗaya a juyi ɗaya, wanda wasu agogon ke rubuta shi a matsayin na inji mai bugu biyu. Mutane da yawa suna ƙin zaɓarsa don sun san injinsu ba mai bugu biyu ba ne, alhali shi ne daidai.

Mai Lambu, naka ma haka ne. Kuma ina roƙonka, kada ka taɓa gwamnan inji, wato na'urar da ke kayyade juyinsa, sai ka tabbatar da agogon. Na ga injin da aka lalata saboda mai shi ya yarda da lambar da ba daidai ba, ya yi ta jan sifirin gwamna. Yawancin waɗannan injuna iyakarsu ba ta wuce 3,600 a minti, masu ƙera tarakta kuma sukan saita ƙasa da haka saboda gudun wuƙar yanka. Idan aka zarce, sandar fistin na iya karyewa ta fasa jikin inji, fulawil ma na iya tarwatsewa, kuma mutum yana zaune kusa da shi.

Mai Kohler:
Baba, a gafarce ni, akwai inda maganar ta sha bamban. Tawa tsohuwa ce, injin Kohler jerin K, mai foyin da kwayil irin na mota. Foyin ɗin, wato ƙarafan da ke buɗewa da rufewa don sakin wuta, daga kamshaf yake samun motsi, shi kuma kamshaf juyi ɗaya yake yi a juyi biyu na inji, don haka wuta sau ɗaya take zuwa a juyi biyu. Da na bi saitin tartsatsi ɗaya a juyi ɗaya, rabi ya nuna mini, wajen 1,800 a cikakken totur. A nawa saitin bugu huɗu ne ya yi daidai.

Tsohon Bakanike:
Gaskiyarka, ɗana, na gode da ka kawo wannan. A fara duba irin wutar da injin yake da ita kafin a zaɓi saiti.

Mai Silinda Biyu:
Tawa Kawasaki ce mai silinda biyu. Matsalata lambar ba ta tsayawa, yanzu 2,900, an jima 4,000, ta sake faɗowa. Wayar agogon ta bi ta kusa da wayar filogi na biyu, tana ɗaukar wutar duka biyun. Na canza mata hanya, na rage naɗin zuwa zagaye uku, ta natsu. A kan filogi ɗaya kaɗai ake naɗawa, domin kowace silinda da kwayil ɗinta. Wani abokina kuma sai da ya sa filogi mai resista kafin nasa ya daina tsalle. A nisanta wayar daga salansa, robarta ba ta jure zafi.

Mai Lambu:
Na gode ƙwarai. Amma ni raina ya fi kwanciya da agogo mai allura, irin na mota, wanda zan huda dashbod in sa. Akwai wanda ya gwada?

Mai Gyaran Waya:
Na gwada, Yaya, kuma ya ba ni wahala. Agogon mota an yi shi ne don silinda 4, 6 ko 8. A saitin 4 yana jiran bugun wuta biyu a kowane juyi, injinka kuwa ɗaya yake bayarwa, sai allura ta tsaya a rabi. Sannan ina za ka ɗauki siginar? Wasu suna haɗawa da siririyar wayar da ke kashe inji, wadda ke fitowa daga kwayil. Wannan wayar aikinta ta taɓa jikin ƙarfe inji ya mutu. Wani agogon yana janye mata wuta har injin ya riƙa shaƙewa, kuma idan wutar batir ta volt 12 ta kuskura ta shiga cikinta, kwayil ya ƙone. Abin da ya yi mini aiki shi ne agogon injin kwale-kwale, wanda ke karanta wutar da ke fitowa daga kwayil ɗin caji na ƙarƙashin fulawil, kafin ta shiga rektifaya, wato abin da ke mayar da ita wutar cajin batir. Yana da maɓalli a baya na zaɓar adadin sandunan maganaɗisu, sai ka juya har ya dace. Ka ba shi wuta daga makulli, da fiyus, don kada ya shanye batir idan tarakta na ajiye.

Mai Dizal:
Mu masu dizal ba mu da filogi, don haka wancan na naɗawa bai shafe mu ba. Tawa Kubota ce. Daga altaneta na ɗauka, wurin da aka rubuta W. Sai dai altaneta ya fi inji saurin juyi saboda bambancin girman fuli, dole a daidaita agogon da wani ma'auni. Na ari na hannu mai haske, wanda ake manna ɗan farin tef a jikin fuli a haska, na riƙa juya sukurun baya har suka yi daidai. Wata rana ina huɗa sai na ga allura tana sauka alhali injin bai canza murya ba. Fambel ne ya saki yana zamewa. Da ba don agogon ba da sai injin ya yi zafi zan sani, tunda bel ɗin ne ke juya famfon ruwa.

Uwar Gona:
Baba, na gode, yanzu na gane. Wani abu da agogon ya nuna mini: da ina rage totur wajen aiki don tausayin inji. Sai na lura a ciyawa mai kauri juyin yana faɗuwa sosai. Waɗannan injunan iska ke sanyaya su, fankar kuma a jikin fulawil take, idan juyi ya ragu iska ta ragu alhali nauyi na nan. Yanzu totur duka nake ba shi, idan lamba ta fara sauka sai in rage gudun tafiya ko in ɗaga wuƙa.

Mai Lambu:
Ga abin da ake ciki. Na haƙura da mai allura, na sa na naɗawa, na saita shi tartsatsi ɗaya a juyi ɗaya. Kafin in yarda da shi sai na gwada shi a janareta na fetur mai ba da wuta 50Hz, wanda ya kamata ya yi kusan 3,000, ya nuna ɗan sama da haka ba kaya a kai. Na mayar da shi kan tarakta, na bar injin ya yi ɗumi, na ba shi totur duka: 3,900. Kunnena bai yaudare ni ba. Na buɗe na tarar an maƙala sifirin gwamna a ramin da ba nasa ba lokacin wankin kafireta. Na mayar da shi, yanzu yana tsayawa a 3,300, daidai da littafi. Silo ne ya rage, wato juyin inji idan an sauke totur, yana hawa yana sauka tsakanin 1,500 da 1,900. Baba, wannan daga gwamna ne ko ƙaramin jet ɗin kafireta, ramin da mai ke bi, bai wanku ba?

Tsohon Bakanike:
Ja cok kaɗan yana silo. Idan ya daidaita, mai ne bai isa ba, sai ka sake buɗe ƙaramin jet ɗin, ka kuma duba gasket ɗin bayan kafireta ko yana shan iska. Idan bai canza ba, ka dawo mu duba gwamna.