Motsin baki ya ƙi dacewa da waƙa a bidiyon da muke tacewa: ina mafita?

Ɗalibar Jarida:
Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a aji uku, sashen aikin jarida, kuma an raba mu rukuni-rukuni aka ce kowane rukuni ya shirya bidiyon waƙa. Mu biyar ne, mun ɗauki waƙar wani ɗan ajinmu mai tsawon minti 3 da daƙiƙa 40, muka yi kwana biyu muna ɗauka da kyamara ɗaya da muka aro da kuma wayoyi biyu. Ni aka ɗora wa tace hoton, ina aiki da manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve a kwamfuta mai RAM 8. Babbar damuwata ita ce, idan na daidaita bakin mawaƙin da waƙar a farko, kafin a kai baiti na biyu sai in ga bakin ya riga sautin, amma a hotunan waya kawai, na kyamara ba sa yin haka. Ban da wannan, hotunan da muka ɗauka a cikin ɗaki suna ƙyaftawa, kwamfutar kuma tana tsayawa. Saura mako biyu mu miƙa aikin, kuma ba na so wahalar da abokaina suka sha a rana ta tafi a banza. Don Allah masana ku taimaka.

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kwantar da hankalinki, wannan ciwo ne da aka san maganinsa. Yawancin wayoyi ba sa riƙe tsayayyen adadin firem, wato hotuna ɗaiɗaiku da suke jeruwa su zama bidiyo, daga farkon ɗauka zuwa ƙarshe. Wayar za ta ce miki tana ɗaukar firem 30 a daƙiƙa, amma idan haske ya ragu ko ta yi zafi sai adadin ya riƙa hawa da sauka, ita kuwa manhajar tacewa ta fi gane hoton da adadinsa bai canzawa. Wannan ɗan bambancin ne yake taruwa a hankali har ido ya gan shi. Ki buɗe fayil ɗin da MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil, za ki ga ko adadin tsayayye ne ko mai canzawa. Idan mai canzawa ne, ki saka shi a HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, kyauta ce, ki zaɓi Constant Framerate, wato adadin firem tsayayye, ki mayar da shi 25 domin ya yi daidai da kyamarar, idan a 25 take ɗauka, sannan ki sake shigo da shi.

Bayan haka, ki fara shimfiɗa asalin waƙar, wadda aka kammala a situdiyo, a kan layin aiki, ki kulle ta, kada ki sake taɓa ta. Kowace ɗauka sai ki jera ta a samanta, ki daidaita ta da sautin sifikar da wayar ta naɗa a wurin ɗauka, ki nemi bugun ganga mai ƙarfi a zanen sautin ki haɗa su, sannan ki kashe sautin wayar. Kada ki dogara da ido kaɗai. Idan dole sai da ido, ki nemi kalma mai harafin b ko m, domin a nan ne leɓɓa suke haɗuwa, kuma a nan kuskure yake fara bayyana.

Ƙyaftawar kuwa daga wutar lantarki take. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana juyi 50 a daƙiƙa, shi ya sa ɗauka a firem 25 ko 50 take zama lafiya da ƙwan lantarki, 30 da 60 kuma suke yawan kawo ƙyafta. Gyaranta bayan an ɗauka yana da wuya a manhajar kyauta, saboda haka idan wurin yana kusa, sake ɗauka ya fi sauƙi. Tsayawar kwamfuta kuma, ki sa Resolve ta yi miki furoksi, wato ƙananan kwafi marasa nauyi da za ki yi aiki da su, idan kin zo fitarwa ta koma kan na asali.

Mai Kyamara:
Ina tare da Malam a kan komai sai abu ɗaya, kuma ina neman afuwa. Mayar da 30 zuwa 25 yana nufin a zubar da firem ɗaya cikin kowane shida, kuma idan akwai rawa ko kyamara tana tafiya, za a ga hoton yana ɗan tsalle. Shawarata ita ce ta fara duba wanne ya fi yawa a cikin abin da za ta yi amfani da shi. Idan na waya ne suka fi yawa, ta tsayar da su a 30 ta gina aikin a kan 30. Idan na kyamara ne, ta bi maganar Malam a wuraren da ake rera waƙa, amma hotunan da babu motsin baki a cikinsu, kamar titi ko kasuwa ko tafiyar mutane, ta rage musu gudu zuwa kusan kashi 83 cikin 100, sai kowane firem ya samu gurbinsa, hoton kuma ya yi laushi. Tambaya ɗaya kuma, 'yar'uwa: ta yaya hotunan suka iso kwamfutarki? Idan ta WhatsApp aka turo su a matsayin bidiyo, an riga an matse su, ki koma ki kwaso na asali ta kebul. Ki kuma ajiye kwafi a wuri na biyu tun yau.

Malama Mai Koyar da Fim:
'Yata, abin da suka gaya miki zai gyara miki aikin, amma ni abin da nake dubawa idan ɗalibai suka kawo mini irin wannan shi ne inda suka yanka da dalilin yankan. Kuskuren da na fi gani shi ne a yanka hoto a kan kowane bugun kiɗa daga farko har ƙarshe, sai mai kallo ya gane tsarin cikin daƙiƙa ashirin, daga nan kuma ya daina kallo da zuciya ɗaya. Ki saurari waƙar sau da yawa ba tare da hoto ba, ki sa alama a inda amshi yake shiga, da inda baiti yake ƙarewa, da inda kiɗa yake lafawa. Waɗannan ne manyan gaɓoɓinki. A baiti ki bar hoto ya daɗe, mu ga fuskar mawaƙin muna jin abin da yake faɗa. A amshi sai ki ƙara sauri. Lissafin ma ba shi da wuya: waƙa mai bugu 100 a minti, a kan firem 25, kowane bugu firem 15 ne, bugu huɗu kuma firem 60, don haka kina iya auna tsawon kowane hoto da kanki.

Akwai kuma abin da yake da ciwo, amma dole in faɗa. Za ki tarar da hoton da kuka sha wahala a kansa, wataƙila ma wanda ƙawarki ta fito a ciki ta yi kyau, amma bai ƙara wa waƙar komai ba. Ki cire shi, ki yi wa abokan aikinki bayani da kanki kafin su gani. Ki kuma guji kwalliyar sauya hoto, irin juyawa da walƙiya, yanka kai tsaye ya ishe ki. Gyaran kala ki bar shi ƙarshe, kuma ki fara da daidaita yadda farin launi yake fitowa a hotunan waya da na kyamara domin kada fatar mutum ɗaya ta zama launi biyu.

Ɗalibar Jarida:
Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Na duba da MediaInfo, duk hotunan wayar masu canzawa ne kamar yadda Malam ya ce, kuma da na ƙirga na ga na kyamara sun fi yawa, sai na tsaya a 25, na rage gudun na kasuwa yadda Mai Kyamara ya nuna. Yanzu baki da waƙa suna tafiya tare har ƙarshe, in ban da ɗauka uku na rana ta biyu, waɗanda na gano cewa tsohon haɗin waƙar aka kunna a sifika, kafin a ƙara mata sauri a situdiyo. Su zan yanka gajeru-gajeru in daidaita kowane da kansa. Fitowar cikin ɗaki kuma mun shirya sake ɗaukarta ranar Asabar da kyamara kaɗai. Malama, na cire hotuna huɗu a baiti na farko, kuma gobe zan zauna da 'yan rukuninmu in nuna musu dalili.