Yara na kwafo aikin gida daga Meta AI, yaya za mu raba makin CA?

Malamin Noma, Ringim:
Assalamu alaikum malamai. Tun da Meta AI, manhajar da ke amsa tambaya ta yi wa mutum rubutu, ya shigo WhatsApp a 2024, aikin gida ya daina nuna abin da yaro ya sani. Ɗan SS2 da bai iya haɗa jimla a aji ba sai ya kawo shafi biyu da Turanci tsaf, daga wayar yayansa. Maki 40 na CA, wato makin ayyuka da gwaje-gwajen cikin zango kafin jarrabawa, yaya za a raba su yanzu?

Malamar Turanci, Gumel:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka dogara da manhajojin gano rubutun AI. OpenAI mai ChatGPT ma ta janye tata a 2023 saboda yawan kuskure, kuma manhajojin sun fi zargin mai sauƙin Turanci, wato yaranmu. Mayar da aikin gida maki 5, gwajin cikin aji 15, aikin hannu 10, bayani da baki 10.

Tsohon Firinsifal, Gwarzo:
Aikin hannun nan shi ne gishirin, Malam. Ga misali a darasinka na Noma, gwajin tsirowar iri. Kowane rukuni na mutum biyar ya ƙirga ƙwayar iri 100, ya jera a jiƙaƙƙen buhun algarara, ya naɗe, ya ajiye a inuwa cikin makaranta. A ƙirga waɗanda suka tsiro rana ta 3, ta 5 da ta 7, ka sa hannu a littafinsu kowace rana. Wannan rukuni gero, wancan dawa, wani wake, don kada su kwafi lissafin juna. Inda ake samun matsala, buhu ya bushe ranar Asabar da Lahadi, ko ruwa ya yi yawa iri ya ruɓe. Kada ka rage maki don irin bai fito ba. Tambaye su dalili, su kuma faɗa ko za su shawarci babansu ya shuka shi.

Malamin Lissafi, Jahun:
Ranka ya daɗe, haka ne, amma bayani da baki a aji mai yara 80 fa? Minti 3 kowane yaro, darasi ɗaya na minti 40 ba zai wuce yara 13 ba, darussa 7 ke nan. A warwatsa su cikin zango, a riƙa jawo suna da ƙuri'a. Tambaya biyu sun isa: me ka yi, kuma da an canza kaza me zai faru? Ɗaliba mai kunya a bar ta ta fara da Hausa, a kira ta tare da ƙawarta.