Shin gwajin PCR na bayan gida zai iya maye gurbin kalca?

Ma'aikacin lafiya, yankin Ringim:
Assalamu alaikum. Ina aiki a ƙaramin asibitin ƙauye, inda da zarar damina ta kankama, ruwa ya gangara cikin rijiyoyi, sai masu gudawa da atuni su cika mana benci, galibinsu yara ƙanana. Na ji ana batun gwajin PCR da ke gano ƙwayar cutar hanji cikin 'yan sa'o'i. Ina roƙon masana su yi mana bayanin yadda yake aiki, da kuma ko ya isa a daina yin kalca.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Kano:
Wa alaikumus salam, Malam. A kalca, shuka bayan gidan ake yi a faranti, a jira kwana 2 zuwa 3 ƙwayar ta tsiro. Shi kuwa PCR ba ya jiran tsiro: ana ciro sinadarin gado na DNA daga samfurin, na'ura ta riƙa ninka wani ɗan yanki nasa har ya yi yawan da za a gane shi, kuma gwaji guda yana iya neman ƙwayoyin cutar hanji irin su Salmonella da Shigella da ƙwayar kwalara a lokaci ɗaya. Ya fi nuna fifikonsa a kan ƙwayar Campylobacter, wadda ake yawan ɗauka daga kaji, domin a kalca ba ta tsirowa sai an rage mata iskar oksijin an ajiye ta a zafin digiri 42 na ma'aunin Celsius.

Sai dai yana kama DNA ko da ƙwayar ta mutu, kuma yaro yana iya ɗauke da ƙwaya ba tare da ita ce ke sa shi gudawar ba. Mafi muhimmanci, ba ya ba mu ƙwaya mai rai da za mu jarraba magunguna a kanta, ga shi kuwa mutanenmu sun saba sayen Flagyl da Septrin a kemis tun kafin su zo asibiti, abin da ke iya sa ƙwayar ta daina jin magani. Saboda haka ni ban yarda a daina yin kalca ba.

Likitan yara, Dutse:
Na goyi bayan Hajiya, amma kada a manta da inda mai tambaya yake. PCR yana buƙatar wutar da ba ta yankewa da kayan aiki masu tsada. A annobar kwalara ta 2021, wadda ta fi tsanani a jihohi irin su Bauchi da Kano da Jigawa, ruwan gishiri da sukari da ƙarin ruwa ne suka ceci rayuka, ba a jira sakamako ba.

Malam, idan ka ga gudawa fara kamar ruwan shinkafa, wadda alama ce ta kwalara, ka fara ba da ruwa nan take, ka ɗebi samfur kafin a sha maganin kashe ƙwayoyi, ka sa shi a kwalbar Cary-Blair, mai sinadarin da ke adana samfur har ya isa ɗakin gwaji, sannan ka sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarku a ranar.