Wace taya kuke sa wa tsofaffin motocinku na gayu a cikin gari?

Baban Ilham:
Salam jama'a. Na gaji Marsandi 450SL ƴar 1978 a wurin kawuna Allah ya jiƙansa, mai ƙofa biyun nan da ake cire rufinta, kuma ni ba ajiye ta zan yi ina kallo ba, so nake kullum na riƙa fita shago da ita daga Tarauni zuwa Bata. Lambar tayarta ta asali 205/70 R14 ce, jiya na zaga Ƙofar Ruwa har ƙafata ta yi ciwo kowa sai ya ce Alhaji ai wannan lambar an daina yayinta, wani yaro ma cewa ya yi na sa rim 17 kawai na huta. Waɗanda suka taɓa shiga wannan halin don Allah ya kuka yi?

Ɗan Hotoro:
Yaya kar ka soma wlh. Ni na yi wa BMW ɗita E30 haka, na cire 14 na sa 17 da taya 225/45 don gayu, sati biyu ina jin daɗin kallon da ake min a danja. Sai damina ta zo, ruwa ya rufe wani rami a layinmu na faɗa ciki ko gudu ba na yi, rim ya lanƙwashe gefen tayar ya kumbura kamar ƙwan agwagwa, mai faci ya duba ya ce wannan sai dai a jefar. Lissafa ka gani, 70 ɗin nan na nufin tsayin gefen taya kashi 70 cikin ɗari na faɗinta, taka wajen milimita 143 kenan, tawa 101 kacal. Naman nan shi ke shanye ramuka kafin duka ya kai shokozoba, kuma motocin da an ƙera su ne da doguwar taya a rai.

Abban Sadik:
Ni ta gwanjo ce ta kusa kai ni lahira. Zanenta raɗau kamar sabuwa, ashe ta ƙasar ƙanƙara ce, akwai hoton dutse da ƙanƙara a jikinta ban kula ba, robarta laushi gare ta ba don zafin Afrilun Kano aka yi ta ba. Ga tsufa kuma. A titin Zariya ta tarwatse min da rana tsaka, Allah ya sa ta baya ce. Yanzu ko sabuwa ce a leda sai na tsuguna na nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne sati da shekarar da aka ƙera tayar, misali 2319 sati na 23 kenan a 2019.

Kawu Mai Datsun:
Ƴaƴana ku ƙara da wannan, za a miƙo muku 195 R14C a ce ai duk 14 ce. C ɗin nan ta motar kaya ce da bas irin Hiace. Na sa wa 240Z ɗita shekarun baya saboda araha, motar ta koma amalanke, kowane tsakuwa sai na ji shi a ƙugu, in an yi yayyafi kuma bayanta ya riƙa wulwulawa a shataletale. Wata uku na cire na ba wani direba. Kai Baban Ilham, in kana da hali Michelin har yanzu suna yin taya samfurin XWX a lambar motarka, sai dai oda za a yo maka kuma kuɗin ba wasa ba. In ba haka ba nemi rim 15 na Marsandi 560SL ka sa 205/65 R15, da ita waccan ta fito, tsayinsu kusan ɗaya ne allon gudu ba zai yi maka ƙarya ba, kuma an fi samunta a gari. Ka dai tabbatar harafin ƙarshe na lambar tayar, wanda ke nuna iyakar gudun da za ta iya ɗauka, H ne ko V.

Baban Ilham:
Na gode Kawu, Allah ya ƙara girma. Yanzun nan na buɗe but na haska ta sifiya da fitilar waya kamar yadda Abban Sadik ya ce, lambobi uku na gani ba huɗu ba, ko an goge ɗaya ne?

Abban Sadik:
Ba a goge komai ba Yaya, kafin 2000 aka yi ta. Kai wa yara su yi gare-gare da ita.