Me ya sa namu ƙarfi ne, nasu basira?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da gidan kallon ƙwallo a Agege, kullum kunnena yana kan masu sharhin Turawa. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya: Bature ya ba da ƙwallo mai kyau, sai a ce kansa na ja. Baƙar fata ya ba da irinta, sai a koma zancen ƙarfi da gudu. Yaya Toure ya ci ƙwallo 20 a Firimiya a kakar 2013/14, ɗan tsakiya fa, da bugun tazara masu lanƙwasa, amma ƙirar jikinsa aka fi yabo. Ni kaɗai nake jin haka?

Malamin Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ba kai kaɗai ba ne, Alhaji. A 2020 kamfanin RunRepeat da ƙungiyar 'yan ƙwallon Ingila, PFA, sun bibiyi sharhin wasanni 80. Kusan kashi 63 cikin ɗari na yabon basira ya tafi ga masu hasken fata, kusan kashi 63 na sukar rashin basira kuwa ya faɗa kan baƙaƙe. Kuma abin bai tsaya a baki ba. Wanda aka shekara goma ana cewa jiki kawai gare shi, wa zai ɗauke shi koci in ya ajiye takalmi?

Sarkin Gunners:
Malam, a yi adalci. Osimhen ai yana da ƙarfi da tsalle. Faɗin haka laifi ne?

Maman Khalifa:
Ba laifi ba ne, ƙanena, tsayawa a nan ne laifin. Yaron da ya tashi a Olusosun, gefen bola, yana tallan ruwan leda tsakanin motoci, ya je Italiya ya ci 26 a kaka ɗaya, Napoli ta ɗau kofin da ta shekara 33 tana nema. Sanin lokacin ɓallewa ba tare da satar gida ba, koyonsa ake yi. In ka ce halitta ce, ka cinye masa guminsa.

Mu ma nan Legas haka ake mana. A Mile 12 nake sayar da kayan miya. Yaron da ke sauke mana kwandunan tumatir, lissafin mota guda yana kansa, ko sisi ba ya ɓata, amma masu saye ba abin da suke cewa sai "aboki akwai ƙarfi". Wallahi ranar da na fara ji sai da raina ya sosu.

Ɗan Agege:
Hajiya, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ranar Asabar zan rage muryar talabijin, in ji me yaran gidan kallona za su ce da bakinsu.